Ranar da Na Kulle Surukina a Waje

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ta tsakiyar damina ba, ranar da na gano cewa ni matsoraci ne, bayan na shekara sittin ina cika baki.

Ni mai walda ne. Boko kam aji biyu na yi aka ce in je in taya Baba noma, amma ƙarfe yana jin maganata. Surukina Alhaji Sale, wanda ɗansa ke auren 'yata Hauwa, yana da akori-kura da yake kwasar wake daga ƙauyukanmu zuwa Dawanau. Kowace damina sai ta kafe a laka, a yi ta neman shanun huɗa su jawo ta. Shi ne na ce masa, "Alhaji, bar min ita kwana uku."

Na samo kakkauran bututun ban-ruwa daga wajen Watari, na yanka, na lanƙwasa, na haɗa mata bamba, wato ƙarfen kariya na gaban mota, na ɗaure ta da shasi da noti takwas. A kai na ɗora winci, wato injin nan mai igiyar waya da ake ɗaurawa a bishiya mota ta jawo kanta. Aiki ya yi kyau. (Wannan kam ko maƙiyina bai musa ba.)

Da a nan na tsaya, da yanzu ina da mutunci. Amma sai na ce dole a gwada a gaban mai ita. Na ɗauko Alhaji, da sandarsa da ciwon gwiwarsa, na tuƙa mu har fadama, na dulmiya motar cikin laka da gangan.

"Malam Buba, lafiya?" in ji shi.

"Sauka ka tsaya can gindin ɗorawa ka sha kallo, Alhaji."

Na ja igiya na zagaye ɗorawar, na dawo bakin ƙofar direba na danna maɓalli. Na duba ƙasa, na duba igiya, na duba bamba. Sama ce kawai ban duba ba. Ashe Iro mai zuma ya saƙale amya biyu a rassanta.

Igiyar ta miƙe, ta zame, ta fizga. Bishiya ta girgiza. Sai ji na yi tim! Amya ɗaya ta fashe taku uku daga inda Alhaji yake. Wani baƙin abu ya tashi kamar hayaƙi, da wani rugugi da har yau nakan ji shi a kunnena.

Jama'a, ban san lokacin da na shige mota ba. Na ɗaga gilashi, na danna makulli. Duka ƙofofin. (Zuma dai ba ta buɗe ƙofa, na sani. Hannuna ne bai sani ba.)

Sai ga Alhaji yana ɗingishi cikin laka, hula ta faɗi, zuma ta rufe masa wuya. Ya buga gilashi. "Malam Buba! Buɗe!" Ina kallonsa yana kallona. Wallahi zuciyata tana cewa buɗe, amma ga su ɗaruruwa suna yawo a kan gilashin daidai hancina, yatsuna suka ƙi motsi. Abin da bakina ya iya furtawa shi ne, "Sannu, Alhaji."

Ya zame ya faɗi, na daina ganinsa. Nan tsoro na gaske ya zo. Na ce shi ke nan, na kashe kakan jikokina, da wane ido zan kalli Hauwa? Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta cin abinci.

Iro ne Allah ya kawo daga gonarsa, da damin kara yana hayaƙi. Ya tarar Alhaji ya kwanta cikin laka ya lulluɓe kansa da babbar riga, abin da ya cece shi ke nan. Sai da Iro ya rantse min sau biyu cewa sun watse kafin na buɗe. Ko ɗaya ba ta harbe ni ba. Wannan shi ya fi komai muni, don ko kumburin da zan nuna wa mutane ban samu ba.

Muka kai shi asibiti aka yi masa allura. Kwana uku idonsa bai buɗu ba. Ran na huɗu na je dubiya, zaure cike da mutane, na durƙusa can bakin ƙofa. Ya ɗago kumburarren ido ɗaya ya dube ni.

"Malam Buba, bamba ta yi. Winci ma ya yi." Ya gyara zama. "Makullin ƙofa kuma, na shaida, lafiyarsa ƙalau."

Motar ba ta sake kwana a laka ba, amma ba wanda ke zancen bambata. Yanzu ko akuya zan ɗaure a bishiya sai na ɗaga kai tukuna. Alhaji kuwa ya yafe min, har yakan rage min hanya. Sai dai a baya nake zama, kan buhunan wake, inda babu ƙofa.