Katin Bikin Ɗana da Kujerar Shugabanku

Zuwa ga Masu Girma, Masu Hangen Nesa, 'Yan Majalisar Gudanarwar Kamfanin Medhavani, masu ƙera na'ura mai tunani, Bengaluru.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da manyan da ke sauke shugaba da hantsi su nemi gafararsa da la'asar, ni ce mahaifiyar Vighnesh, injiniyanku, wanda aka sa wa ranar aure da Sharvari, 'yar Malam Kamath.

Na ɗaya. Kun san ba a buga katin biki sai an rubuta inda ango yake aiki a ƙarƙashin sunansa. Mun buga, mun shafa kurkum a kusurwoyi, mun kai katin farko haikali gaban ubangijinmu kamar yadda al'adarmu take. Washegari kuka kori shugabanku, Malam Hegde, ɗana ya rantse zai bi shi duk inda ya nufa. Muka sake bugawa, muka sake kaiwa haikali. Kuka dawo da shi, muka sake. Yanzu malamin haikali da ya hango ni sai ya shige bayan ginshiƙi. Shin ubangijin da muke kai wa katin, gyara za mu riƙa tura masa kamar jarida?

Na biyu. Malam Kamath ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mabiyin mutumin da ba a san cikinsa ba. Maigidana ya dage Hegde ceton duniya yake yi, Kamath ya ce son kujera ne tsagwaronsa. Har sun daina zagayen safe tare. Ni kuwa na ga kukan da Hegde ya yi a talabijin: hawaye shaɓe-shaɓe, hanci a bushe ƙayau. Na raini 'ya'ya, ranku ya daɗe, na san kukan da ba majina. Amma kuma ɗana ya ce mutumin yakan gaishe da mai shara. To wanne zan kama?

Na uku. Mun tambayi na'urar taku ko Hegde mutumin kirki ne. Ta ce kowane ɓangare yana da hujja. Wannan ai ƙanwar mijina Girija ta fi ta, ita daga yadda mutum ya cire takalmi take yanke masa hukunci.

Na huɗu. Watan da ba a ɗaura aure a cikinsa ya kusa kamawa. Ɗana ya rame, ko wainar dosa ba ya iya gamawa, kuma wallahi abin yana ci mini rai, domin yarinyar nan yana sonta.

Saboda haka nake roƙonku, da dukkan ladabi, ku sanar da mu ko Hegde waliyyi ne ko ɗan wayo, ku kuma tsaya a kan magana ɗaya har a watse daga cin shinkafar biki. In aure ya lalace, zan kawo muku Vighnesh da akwatinsa har ɗakin taronku. Ku da kuke samo sabon shugaba kafin shayi ya huce, samo wa ɗana mata ba zai gagare ku ba.

Taku mai biyayya har ƙasa,
Padmavathi Shenoy,
Malleshwaram.