Mai Tsaron Lasisi Uku

Wani ne a wani ƙauye can tsakanin Bagwai da Shanono, Allah ya yi shi da ƙin ba da aro. Ba wai rowa gare shi ba, in ka tarar da shi yana cin tuwo zai matsa maka. Amma ka ce ya ara maka fartanya, nan take zai fara tari yana kallon sama. Tsaninsa har ya tsufa bai taɓa jingina da bangon maƙwabci ba. Shi ya sa duk garin aka yi masa shaida ɗaya: abu bai taɓa ɓata a hannunsa ba.

Ana nan sai ƙungiyar manoman rani ta yankin ta buɗe ofis. Suka zuba kwamfutoci takwas, suka sayo manhajar zana taswirar gonaki, wai don a huta da rigimar iyaka a fadama. Manhajar nan ɗan karen tsada gare ta, lasisi uku kacal suka iya saya. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Kashim, ya ɗauko wani injiniya daga Kano mai suna Kamaruddeen. Ya zo ya kafa wani baƙin akwati a ƙuryar ɗaki, ya ce saba ake kiransa. Ya ja waya daga jikinsa zuwa babban ɗaki, ya jona shi da sola.

Alhaji ya ce, "To yanzu saura mai tsaronsa." Mutane suka haɗa baki, ai ga wane. Aka aika ya zo.

Kamaruddeen ya zaunar da shi gaban akwatin.

"Malam, ka san gidan yawa? A ce mata takwas, turmi uku."

"Gidanmu ke nan."

"Yauwa. Lasisin nan uku su ne turamen, suna cikin akwatin nan. Duk wanda zai yi aiki, kwamfutarsa za ta ari ɗaya. In ya gama ya rufe, sai ya dawo ciki, wani ya ara."

Da mutumin naka ya ji an ambaci aro, sai ya fara tari yana kallon sama.

Kamaruddeen ya ci gaba. "Ga allo nan, shi zai riƙa nuna maka ko nawa ne a ciki. Kar ka bari akwatin ya mutu, kar ka cire masa waya. Duk ƙarshen wata sai ya gaisa da kamfanin da ya sayar mana ta intanet. In bai gaisa ba, rufewa za su yi."

Gogan sai gyaɗa kai yake. Amma tun daga wajen aro kunnensa ya toshe.

Alhaji ya ce, "Ni ban san turmi ba, ban san taɓarya ba. Uku na damƙa maka. Ranar da na zo na tarar ɗaya ya ɓata, ka kama hanyar gonarka."

Kafin la'asar labari ya riga shi isa ƙauye. Yara da manya sai Injiniya suke ce masa. Surukinsa, wanda shekara da shekaru da ƙyar yake amsa masa gaisuwa, ranar da kansa ya sa aka shimfiɗa masa tabarma. Daɗi ya kashe mutumin. Ya ce a ransa, wallahi aikin nan sai dai mutuwa ta raba.

Washegari ya riga kowa zuwa. Allo ya nuna uku. Ya ja kujera ya kafe shi da ido. Can ya sunkuya ya gyara takalmi, ya ɗago, biyu.

Ya dubi ƙofa, a rufe take. Ya leƙa ƙarƙashin tebur. Ya kakkaɓe rigarsa. Sannan ya fito babban ɗaki.

"Jama'a, a ji tsoron Allah. Wa ya shigar min ɗaki?"

Tahira, wadda ke zana taswira, ta ce, "Ba wanda ya shiga, Malam. Ni na buɗe manhaja."

"Ke kika ɗauka ke nan."

"Aro na yi."

"A wurin wa?"

"A wurin saba."

"Sabar ce ta amsa miki sallama? Malama, a garinku haka ake aro? Mutum yana zaune, ba salamu alaikum, ba ina kwana, ba ya iyali, sai dai ya ɗago kai ya ga wayam?"

Ya koma ɗaki ya fizge wayar da aka ce kar ya taɓa. Ya fito ya kafa doka: duk mai son lasisi ya zo da ƙafarsa, ya yi sallama, a gaisa, ya faɗi abin da zai yi da shi, ya kuma ajiye jingina.

Aiki ya tsaya cak. Da Tahira ta ga abin ba na ƙare ba ne, ta zo ta yi sallama. Suka gaisa tun daga gajiya har zuwa mutanen gida. Ta ajiye masa kular abincinta. Ya buɗe ya leƙa, ya ga dambu, ya ce jinginar ta karɓu. Ya yi bisimilla ya mayar da waya.

Ashe duk sauran ma'aikatan sun buɗe manhaja suna jira. Kafin ya saki wayar, allo ya koma sifili.

Ya juyo a hankali ya dubi Tahira.

"Ɗaya na ba ki."

"Ɗaya na ɗauka, Malam."

"Sauran biyun fa? Rakiya suka yi miki?"

Maganar ta kai kunnen Alhaji. Ya zo ya yi masa tatas, ya ce in ya sake taɓa wayar nan sai ya gamu da shi. Mutumin ya bar waya, amma zuciyarsa ba ta bari ba. Wuni yake gaban allo. In ya ga uku ya yi hamdala, in ya ga biyu ya yi tsaki, in ya ga ɗaya ya fara salati. Ran da sifili ya daɗe ko abinci ba ya iya ci. Kafin wani lokaci rigar da ya ɗinka don aikin ta fara yi masa yawa.

Wata rana aka tashi daga aiki, kowa ya rufe kwamfutarsa, allo ya tsaya a kan biyu. Ya jira, biyu. Ya ɗan bubbuga akwatin, biyu. Ya tare Tahira a bakin ƙofa.

"Ai Sabiru abokin aikinmu ne ya tafi da ɗaya a laftof ɗinsa," in ji ta. "Yana Shanono yana auna gonaki."

"Shanono? Wata ƙaramar hukumar fa ke nan. Har aron ya tsallaka iyaka?"

Ya nemi wanda zai ara masa babur. Duk wanda ya tambaya sai ya fara tari yana kallon sama. Dole ya haye tsohon kekensa, ya cusa leda a aljihu, ya ɗauki hanya. Ya iske Sabiru a tsakiyar wata gona, manoma sun kewaye shi. Ya sauka yana haki, ya ware ledar.

"Zuba min."

"In zuba maka me, Malam?"

"Abin mutane."

Sabiru ya danne dariya. "Ai ba a miƙa shi da hannu. Kamaruddeen ya saita shi, in lokacinsa ya cika da kansa zai koma. Kamar kaji ne da magariba."

"Daga nan? Ya san hanya?"

"Ya fi ka sani."

Mutumin ya juya keke, ya taka kamar zai tashi sama, don kar abin ya riga shi ya tarar da ƙofa a rufe. Ya isa ya wangale ƙofar ofis, ya tsaya a gefe don kar ya tsorata shi. Har ya yi tunanin watsa 'yar tsaba, sai kuma kunya ta kama shi. Akuya ta wuce. Mai rake ya wuce. Aka kira salla, ya shimfiɗa ɗan buhu nan bakin ƙofa ya yi, yana sallamewa ya waiga hagu da dama. Ba abin da ya shiga. Ya ja ƙafa ya koma ɗaki, ya riga ya fara tunanin abin da zai gaya wa surukinsa.

Allo ya nuna uku.

Za ka ce murna zai yi. Ina, sai ma ya zauna daɓas a ƙasa ya riƙe kai. Ya ce a ransa, abin da ya shigo ina tsaye a ƙofa ban gan shi ba, ran da zai gudu ma ba ganinsa zan yi ba.

Babbar Salla ta matso, aka ce za a rufe ofis na mako guda, har watan Bature ya ƙare ana hutu. Hankalinsa ya ƙara tashi. Ofis ba kowa, abu kuma mai fita ba sallama. Ya yi ta saƙawa yana kwancewa, daga ƙarshe ya samu Alhaji.

"Alhaji, da za a taimaka a sayo min ƙwayar nan da ake sa wa wake a buhu."

"Ka yi me da ita?"

"Saboda akwatin nan. Ajiya sai da magani."

Alhaji ya yi dariya har da buga ƙafa. "Kai Malam, kwamfuta ba wake ba ce. Tafi ka ba ni wuri."

Ranar da za a tafi hutu ya jira kowa ya watse. Ya tabbatar uku ne cif a ciki. Ya yi wuf ya cire wayoyi gaba ɗaya kafin wani ya sulale. Ya naɗe akwatin a bargo, ya ɗaure a bayan keke, sai gida. Ya jingina tsaninsa da rumbu ya fara hawa.

Matarsa Kaltume ta fito daga madafa. "Malam, wannan kuma fa?"

"Amanar mutane."

"A cikin rumbu? A kan gero?"

"Tun da aka kawo ki gidan nan, kin taɓa ganin gero ya tafi Shanono da kansa?"

Ya binne akwatin a cikin hatsi, ya mayar da jinka, ya sauke tsani ya kai ɗaka ya kulle. Sallar bana ba wanda ya kai shi cin nama. Barci kuwa, rabonsa da irinsa tun kafin a fara ce masa Injiniya.

Ranar da aka dawo ita ce ranar rabon filayen fadama. Manoma suka cika harabar ofis tun da hantsi, har da surukinsa a sahun gaba. Kamaruddeen ma ya zo daga Kano don ya ga yadda aikinsa ke tafiya. Tahira ta buɗe manhaja, ba lasisi. Sabiru ya buɗe, ba lasisi. Aka leƙa ƙurya, sai wayoyi a ƙasa. Alhaji ya fara zufa, yana cire hula yana mayarwa.

Sai ga mutumin ya danno kai a kan keke, yana kaɗa ƙararrawa a ba shi hanya. Ya sauke ƙunshin a gaban jama'a, ya kwance bargo, ƙaiƙayi ya tashi. Ya ɗan dubi surukinsa, sannan ya ce, "Alhaji, ga amanarka. Ko ƙuda bai sauka a kanta ba."

Kamaruddeen ya karɓi akwatin. Ya hure ƙurar, ya jona wayoyi, ya kunna. Kowa ya miƙa wuya. Akwatin ya yi tari, ya furzo ɗan gari, allo ya kawo.

Sifili.

Kamaruddeen ya dafe goshi. "Wata ya ƙare bai gaisa da kamfani ba. Sun rufe duka ukun. Yau dai ba aiki, Alhaji."

Manoma suka fara guna-guni. Surukin ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Shi kuwa gogan bai ma ji abin da injiniya ya ce ba. Ya tsuguna yana nazarin akwatin. Ya shafa 'yan ƙananan hudojin shan iska da ke gefensa, ya girgiza kai irin na manomin da ya gane ciwo. Ya ɗan karkata akwatin. Sai ga wani baƙin ƙwaron hatsi ya fito daga huda, ya yi ɓul-ɓul, yana tafiya abinsa.

Alhaji ya tsaya a kansa.

"Uku na damƙa maka a gaban shaidu. Na ce in ɗaya ya ɓata ka kama hanya. Yanzu ina suke?"

Mutumin ya sa yatsu biyu ya kama ƙwaron, ya ɗora a tafin hannu, ya miƙe ya kai shi daidai hancin Alhaji.

"Ga su nan a cikin wannan da 'yan'uwansa. Da na ce a sayo ƙwaya, wa ya ce kwamfuta ba wake ba ce?"