Ranar da Na Ɗauke wa Zabeirou Bashi

Jiya wata baiwar Allah ta bugo mini waya, ta yi mini ta'aziyya mai ratsa jiki. Har na fara matse ƙwalla, sai ta tambayi ranar da zan fara biya.

Bari in koma baya. Maƙwabcina Zabeirou, direban tasi, ya rasu watan jiya. A wurin jana'iza liman ya tambaya ko akwai mai ɗauke wa mamaci bashinsa. Ni kuwa, da sabuwar babbar riga da bakin da ba ya shawara da aljihu, na yi farat na ce, "Na ɗauka!" A zatona kuɗin shinkafa ne a shagon mutanenmu. Aka yi ta sa mini albarka.

Ashe marigayi yana da katin bashi na banki. Matarsa Kaltouma tana takaba, masu katin suka fi dangi zumunci, gaisuwa safe da yamma. Babu sunanta a katin, amma sun gano inda ke mata ciwo. Ta bayan labule ta ce mini, "Malam Rabiou, ba na barci. Yaya zai kwanta lafiya da haƙƙin mutane a wuyansa? Motar zan sayar." Motar nan kuwa ita za ta kai ta aiki in ta fita takaba, kuma a nan Greensboro ta ƙasar Amurka marar mota ɗan zaman gida ne. Abin ya ƙona mini rai.

Na hau bas zuwa cikin gari neman masu girma iyayen doka. Wannan taga ta tura ni waccan, mai waccan ya tafi cin abinci. Daga ƙarshe wani ranka-ya-daɗe ya ce doka ba ta tilasta wa Kaltouma biya ba. Na ce to a hana masu katin kira. Ya ce ai doka ba ta hana tambaya ba. Allah ya ƙara wa dokar nan lafiya, ba ta son ɓata wa kowa!

Bana fa bankunan da kansu suka kusa sheƙawa lahira, manyan gwamnati suka miƙe suka ce, "Mun ɗauka!" Sai dai su da harajina suka ɗauka.

Na kai wa Kaltouma albishir cewa doka ba ta kama ta ba. Ta ce, "Dokarsu daban, kabari daban, Malam." Can sai muryarta ta washe. "Af! Ai ka ɗauka a gaban jama'a, ya sauka daga wuyansa ke nan. Lambarka zan ba su."

Motar tana nan a ƙofar gida, Kaltouma ta samu barci. Ni ne idona biyu. Doka ba ta kama ni ba, amma masallaci guda ya ji ni.

Uwargida Djamila ta ce daga yau, in liman ya fara tambayar nan, in tafi neman takalmina. Na ce a'a, masu girma zan riƙa gayyatowa jana'iza. Su hannunsu ya saba, kuma sun san hanyar aljihuna.