Ranar da Na Kai Iska Lafiya

Ni direban lori ne, kuma ba a taɓa tare ni a hanyar Umdurman zuwa yamma ba. Shi ya sa da abokaina na kafen intanet suka tara ma'adinai a wasan jiragen sararin samaniya da muke yi, ni suka damƙa wa jigilar.

Na tsara hanya kamar janar. Na kauce wa duk mashigar da 'yan fashin wasan ke fakewa. Sau ɗaya wani ɗan fashi ya matso, ya leƙa jirgina, ya juya. Na ce, "Kun gani? Ya san manya."

Abokina Usman makanike har shayi ya saya mini. Da na isa tasha, jama'a na tsaye a bayana, na danna a sauke kaya. Wayam. Ashe ban loda ba.

Usman ya ce, "Ya zol, mutumina, iska ka kawo mana?"

Har gobe hanyata ba ta da aibu. Sai dai labarin ya kai gida, ko cefane zan tafi sai matata ta leƙo ta ce, "Usta, babban direba, ka ɗauki kwandon kuwa?"