Ranar da Na Kama Hanyar Legas Na Bar Citta a Kwalbati

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Litinin ɗin da na ɗauki hanyar Legas ba, ko da yake ko Kafanchan ban gama fita ba.

Citta nake saye nake sayarwa. Da dakon buhu na fara, har na kai ga akori-kura tawa ta kaina, kuma mutane sun san ni da abu ɗaya: ba a cutata. A shekarar da cuta ta cinye citta a gonaki, ɗan abin da ya tsira sai dillalai suka zo suna taya shi kamar ƙaiƙayi. Na je Kwoi na tara manoman da nake hulɗa da su, na ce kada su ba kowa, ni zan kai musu Legas hannu da hannu. Suka yarda, ba takarda, ba shaida. Cikinsu akwai Mama Tabita, wata gwauruwa, da buhu bakwai. Shi ne duk abin da gonarta ta ba ta a shekarar.

Na shirya tafiyar kamar mai zuwa yaƙi. Ba zan kwana a otal in bar kayan mutane a titi ba, don haka na sa Malam Sabo mai walda ya gina mini ɗan ɗaki na kwano a bayan motar, da katifa da risho da jarkar ruwa. Ɗakin ya cinye wurin kaya, sai ya haɗa mini ƙaramar tirela mai taya biyu da zan ja a baya. Ya yi mata fin, wato ƙaton ƙarfen da ke riƙe ta da mota, kaurinsa ya kai tsintsiyar hannuna, ya ƙara sarƙa biyu ko da fin ɗin zai ba da kunya. Ya kuma ce ɗakin ya fi motar faɗi, ya tare madubi, in bari ya ƙara wa madubin hannu. Na ce masa ni gaba nake kallo. (Har dariya na yi wa maganar tawa.)

Ranar Juma'a muka gama lodi a ƙofar gidana. A unguwarmu 'yan jari-bola ba sa barin ƙarfe ya huta, murfin rijiyata ma sun tafi da shi. Sai dabara ta zo mini. Na sa duwatsu a bayan tayoyin, na zare fin ɗin da sarƙoƙin, na tura su cikin buhun acca a sito, na sassaƙa guntun itacen gwaiba na soka a ramin don kada a ga wurin a buɗe. Ban gaya wa kowa ba, har matata. Kwana uku ina jin daɗin kaina.

Litinin da safe ƙofar gidana ta cika. Fasto ya zo, matan zumunta na coci sun zo da ankonsu, manoman Kwoi sun zo a kan babura. Fasto ya ɗora hannu a kan motar ya yi addu'a mai tsawo, ya ambaci ramukan hanya da 'yan fashi da barcin direba. Ni ma na yi jawabi, na ce daga yau dillali ya daina shan gumin manomi. Aka tafa. Wani ya janye duwatsun, na shiga, na yi ham sau uku, na taka.

Da na hau kwalta sai na ji motar tana tafiya sakayau, kamar ba ta ɗauke da komai. Na ce lallai injin nan ya san mai shi. Masu okada suna ta ɗaga mini hannu, ni ma ina ɗaga musu, har da murmushi. Sai da ɗaya ya sha gabana ya tsaya a tsakiyar titi.

"Oga, kai da kayanka kun yi faɗa ne? Yana can gida, bai biyo ka ba."

Gidana a kan gangare yake. Itacen ya karye tun a hawan farko, tirelar ta koma da baya, ta kife a kwalbatin da ruwan daren Lahadi ya cika. Na tarar da matan zumunta cikin ruwa har gwiwa suna jan buhuna. Wanda ya san busasshiyar citta ya san idan ta sha ruwa, baƙi take yi, ta yi fumfuna, darajarta ta tafi.

Nan ne na yi abin da har yau yake ci mini rai. Na nufi Malam Sabo a gaban kowa, na ce aikin banza ya yi mini, ya sa mini ruɓaɓɓen ƙarfe, ko kuwa dillalai ne suka saye shi. Kuma da gaske nake, kaina ya share komai. Ya tsuguna, ya zaro guntun itacen daga ramin, ya juya shi a hannu.

"Baban Ladi," ya ce, "ni dai tun da na koyi aikin nan ban taɓa yin walda da gwaiba ba."

Na buɗe baki zan ce ɓarayi ne suka musanya, sai ga matata ta fito daga gida. Ta je ɗebo acca ne za ta dafa wa masu jan buhuna abinci. Fin a hannu ɗaya, sarƙa a ɗayan, duk sun yi fari da acca.

"Baban Ladi, ba wannan ake nema ba?"

Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi, da na ji sauƙi.

Mama Tabita ta fito daga ruwan, zaninta yana ɗiga, ta tsaya a gabana. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, da ka gaya mana ɓarawo kake tsoro, da mun zo mun zauna mun yi maka gadi. Mu ba mu da wani aiki, gona ta mutu."

Muka shanya abin da zai shanyu a filin coci. Kafin mako ya ƙare kowa ya zo ya kwashe nasa, suka kai wa dillalan da na zaga, suka karɓi abin da aka ga dama aka ba su. Na je shagon Malam Sabo na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, ya wuce. Amma da na koma da wani aiki bayan wata biyu, sai ya nuna mini shagon kafinta a bayan masallaci, ya ce can ne suka fi sanin irin kayan da nake so.

Yanzu duk lokacin da wata dabara ta zo mini, na ji ta yi kyau har ba na son kowa ya sani, sai in kira matata in faɗa mata da bakina. Yawanci kafin in kai ƙarshen bayanin, ni da kaina nake yin shiru.