Tutocin Gara

A wani daji da ke gefen fadama, babu mai gina wa kansa ɗaki. Kowa zane yake kawowa, Gara da rundunarta su mayar da shi gini. Sai dai Gara ba ta jin maganar baki, tuta take karantawa. In an kafa ja a bakin fili ta yi sauri, in fara ce ta tsaya duba tsaga, in shuɗiya ce ta matse ƙofa. Tun kaka da kakanni kwamitin Malam Kunkuru ke kafa tutocin, kuma iri ɗaya yake kafa wa kowa.

Ana gab da damina Bushiya ta kai kuka gaban kwamiti, don maciji ya shigo mata ta faffaɗar ƙofa, da ƙyar ta tsira da 'ya'yanta.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ƙofar da kuka auna da ƙugun Gafiya ita aka yi mini. Ban ce kun yi da mugunta ba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A bar ni in kafa shuɗiya da hannuna."

Malam Kunkuru ya yi gyaran murya ya ce, "Baiwar Allah, mun ji, kuma mun jajanta. Amma in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Yau ke ce, gobe kowa ya kafa son ransa. Ran da gini ya rushe kuma, ƙofar wa za a buga? Tawa."

Zomo ya yi tsalle ya ce, "Ni farar nan ce ta dame ni! Duba tsaga, duba tsaga, har mutum ya tsufa a waje!"

Aka yi ta ja-in-ja har rana ta karkata, kafin aka tsaya a kan magana ɗaya: tutocin kwamiti suna nan ga wanda bai ce komai ba, wanda ya so kuma ya zare ya kafa tasa, amma kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Bushiya ta ƙara shuɗiya, ta bar sauran yadda suke. Maciji ya zo ya leƙa, ya ga ba hali, ya wuce. Zomo kuwa ya zare fara ya jera jajaye, aka gama masa tun kafin maƙwabta su haƙa tushe. Ruwan farko ya kwantar da bangon gabas. Zomo ya zo gaban kwamiti jiƙe sharkaf yana cewa Gara ta lalace.

Malam Kunkuru ya ce, "Sannu, Malam Zomo. Wace tuta ka kafa?"

Zomo ya ce ya tuna ya bar tukunya a kan wuta. Washegari aka ga fara ta koma bakin filinsa, ba a dai san wanda ya mayar da ita ba.

Damina ta wuce lafiya, daji ya cika da yabon sabon tsari. Da kaka kwamiti ya zaga duba gine-gine, ya tarar kusan kowa tutocin kwamiti ya bar wa Gara, bai taɓa ko ɗaya ba. Masu irin waɗannan ɗakuna su suka fi kowa rantsuwa cewa bana gini ya fi ƙarko.