Kwamfuta Ta Ce Ɗaya Innarmu Ta Haifa

Jiya na hau babur daga Zugu, ƙuguna kamar zai ɓalle, na je karɓar takin da aka yi wa manoma alkawari. Ga damina ta kankama, dawata ta fara rawaya. Yaron ofis, Lirwanu, ya latsa injinsa ya ce, "Inna, ai babu ke."

Na ce, "Mi kac ce? To wa ke tsaye gabanka?"

Wai manya sun sayo kwamfuta biyu, ɗaya mai sunayen manoman Gummi, ɗaya mai namu na Bukkuyum, aka haɗa su suka gwada sunaye don kama masu ci biyu. Madalla da wannan basira! Cikin dubban mutane wa suka kama? Ni, Husaina.

Mu tagwaye ne. Hassana tana aure a Gummi. Fuska ɗaya, uba ɗaya. Ranar rajista aka tambaye mu ranar haihuwa, muka ce shekarar fara, aka rubuta mana ɗaya ga Janairu kamar kowace tsohuwa. Sai injin Gummi ya ce wa namu, matar nan tawa ce. Namu kuwa, ragon banza, ko gardama bai yi ba, ya goge ni.

Maƙwabciyata Malama Priscilla, da muke layi tare, ta ce, "Mama, ki kawo masu Hassana su gani da ido." Na aika aka ɗauko ta, muka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Lirwanu ya dube mu, ya dubi inji, ya ce, "Wallahi ni na ga biyu, amma oga ya ce abin da inji ya faɗa shi ne."

Hassana, marar kunya, har da dariya: "Dama ni na riga fitowa, ke ragowa ce."

To oga, ranka ya daɗe Mai Girma Uban Injina, Allah ya ƙara maka lantarki. Innarmu naƙuda biyu ta yi, ungozoma cibiya biyu ta yanke, gona biyu muke nomawa. A mayar da ni, a ba ni buhuna kafin dawar nan ta mutu, in ba haka ba tabarmata tana ƙofar ofishinka.

Af, na ji an kira sunan mahaifinka a layi, an loda masa mota guda. Ni na dafa wake da shinkafar sadakar bakwai ɗinsa. Shi duka injinan biyu sun yarda yana nan da ransa. A gaishe shi da noma.